Na Sa Shi Ya Karanta Da Bakinsa

Asabar, 14 ga Oktoba, 2023

Alfari. Yaya Alfari. Gara in rubuta a nan da in je in faɗa masa abin da ba ya gogewa.

Da hantsi Madam Tang ta aiko da saƙon murya daga jami'arsu ta ƙasar Sin. Wai tana yi mini jaje. Ta ji halin ciwon da Inna ke ciki, ta fahimci ba zan iya barin gida ba. Saboda haka gayyatar da suka shirya, ta malami ɗaya ya je can ya koyar na zango guda, sun sa sunan Malam Alfari, "tunda dama shi ke rubuta darussan."

Shi ke rubuta darussan!

Ni na san Madam Tang. Mijinta injiniya ne, na yi masa tafinta lokacin da suke shimfiɗa bututun mai ta nan garinmu Gaya. Ɗalibanta ma injiniyoyi ne da za a turo Afirka aiki. Sun ƙware a Ingilishin Turawa na cikin kaset, amma in ɗan Afirka ya buɗe baki sai su yi zuru. Ta ce in riƙa aiko mata kowane mako da labarin karantawa, da hirar saurare, da tambayoyi. Tun bara nake yi. Hirar tana son murya biyu, mace da namiji. Wa na ɗauko? Alfari, abokin aikina a lise, sakandaren da muke koyarwa. Aminin marigayi mijina Cha'ibu, wanda ya riƙe kan makararsa har bakin kabari.

Yanzu na gane ranar da ya samu ya yi wa Madam Tang wannan ƙaryar. Makon da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kwana da kwanaki, wayata portabul ta mutu, shi ya ce zai je bakin kogi inda waya ke kama rezon Malanville, garin tsallaken iyaka, ya aika darasin. Har godiya na yi masa. Har kopto, kwaɗon zogale, na zuba masa a kwano ya tafi da shi gida.

Litinin, 16 ga Oktoba

A ɗakin malamai Alfari ya tare ni: "Ƙanwata, ina kwanan Inna?" Na ce lafiya lau, Yaya. Har murmushi na yi. Ban san na iya munafunci haka ba.

Ba zan kai ƙararsa wajen Madam Tang ba. In na yi, maganata ce da tasa, kuma ni zan zama mai hassada. A'a. Da baki ya cuce ni, da bakin nan nasa nake so ya biya.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na ƙona shinkafa ina tunaninsa. Allah ya isa.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na samo!

Darasin makon nan labari ne. Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar mata jirgin ruwa. Ta ɗauko aminin mijin ya riƙa tuƙa mata. Sojoji suka toshe gada da kontena, jirage suka yi daraja. Wani attajiri ya zo neman mai jirgin don ya tafi da shi aiki mai nisa. Matuƙin ya tare shi a bakin ruwa ya ce abu biyu: "Jirgin nawa ne." Sannan: "Ita ba za ta iya barin uwarta ba."

Ban taɓa rubutu da daɗi irin na yau ba. Na ba matuƙin haƙorin Makka irin nasa, da tarin nan da yake yi kafin ya roƙi abu.

Tambayoyi kuwa yadda na saba jera su: na farko su gane kan zancen, na biyu su tsinto ƙananan bayanai, na ƙarshe su faɗi abin da ba a faɗa ba. Nan ne ake rarrabe wanda ya iya da wanda ya haddace. Shekara guda ina horar da yaran nan a kan haka, ina ce musu kada su tsaya ga kalma, su ji inda mai magana ya ja numfashi, inda ya yi sauri, inda ya haɗiyi yawu. Da farko ko "ina kwana" ta Ingilishinmu sai an maimaita musu. Yanzu kunnuwansu sun yi kaifi. Wuƙa na wasa ashe, ban san wa zan yanka da ita ba sai yau.

Kuma wa zai karanta maganar matuƙin? To.

Asabar, 28 ga Oktoba

Mun ɗauka. A ɗakin Inna kamar kullum, don can ne ƙarar kabu-kabu ba ta shiga sosai.

Na miƙa masa takarda. Ya karanta a zuci, ina kallon wuyansa. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Na ɗauka zai aje ya fita. Sai ya yi tarin nan nasa ya ce, "Mu fara." Ya karanta tas. Da ya zo kan "jirgin nawa ne" na zuba masa ido, shi kuwa ya zuba wa tabarma. Na so in ce a sake, don dai ya ƙara faɗa, amma na daure. Bai tsaya shan shayi ba.

Bayan ya tafi Inna ta juyo da kai daga gado. Inna da ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba ta ji. Ta ce, "Zuwera, mi ya samu yaron ga? Kamar an shaƙe shi." Na ce mura ce. Ta ce, "Hm."

Na aika. Na ci abinci har da ƙari.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na ga Alfari wajen tasha bayan la'asar, a kan moto, ya naɗe fuska da rawani don kada ɗalibai su gane shi, yana kiran fasinja. Malamin lise yana kabu-kabu. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, darasin maraice da yake ba masu fiton kaya na duwan, wato kwastam, ya mutu, su kansu suna zaune gindin manyan motocin kamiyo suna dara.

Haƙorin ne ya tona shi da ya yi wa wata dariya. Na ce a raina madalla, ka ƙara. Na bi ta bayan masu kifi don kada ya gan ni. Ban san dalilin da ya sa ni ce mai ɓuya ba.

Talata, 7 ga Nuwamba

Madam Tang ta ce labarin jirgi ya fi kowane darasi tada gardama a aji. Sai na jefa mata shawara kamar ba komai: me zai hana a haɗa ɗalibai da marubucin ta bidiyo, su yi masa tambayoyi kai tsaye? Ta yi murna har muryarta ta canza. Ta ce shugaban sashensu ma zai zauna, tunda shi zai sa hannu a kan gayyatar. An tsayar da 23 ga wata.

Na yi alwala na yi salla, na kasa roƙon komai mai kyau. Allah dai ya san abin da aka yi mini.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Alfari ya same ni ina goge allo. Ya daɗe a bakin ƙofa. "Ƙanwata, amsoshin tambayoyin nan fa, ko zan gani?"

Na ce, "Haba Yaya, mai rubutu ke neman amsa?"

Ya tsaya kamar zai yi magana. Na ba shi dama, wallahi na ba shi, na riƙa goge wurin da babu komai. Da ya ce "ki yi haƙuri" a nan, ban san abin da zan yi ba. Bai ce ba. Ya juya.

To shi ke nan. Ni ma ban ce ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na je na ɗauki hoton paspor. Mai hoto ya ce in saki fuska, na ce haka take.

Da na dawo na tarar Inna ta ɓata shimfiɗa, maƙwabciyarmu Tani da ke duba ta tana ta ba ni haƙuri, wai ta ƙi yarda a taɓa ta sai na zo. Tun da ɓarin jikinta ya shanye haka take. Na wanke ta, na juya ta, na shafa mata man kaɗe a baya. Hoton yana cikin jaka, ban nuna mata ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

An yi.

Provizer, shugaban lise, ya ba mu ofishinsa, aka tada gurup, injin wuta, saboda babu kuran. Nan safiya, can la'asar. Aji cike, fuskoki jere kamar ƙwai a tire, shugaban sashe a gefe da tabarau. Alfari ya sha farar shadda. Ni na zauna can baya, a matsayina na muryar mace.

Tambayoyin farko ya tsallake su. Mene ne kontena ke yi a kan gada, kifin me ake kamawa. Har ya fara sakin jiki, ni kuwa ina cewa kada dai ya sha.

Sai wata yarinya ta miƙe, siririya, sunanta Huwan. Na san ta, ita ce mai aiko da amsa mafi tsawo. Ta yi magana a hankali, Ingilishi mai tsabta, har na ji alfahari. Ta ce sun saurari hirar sau da yawa, kamar yadda aka koya musu. Matuƙin ya faɗi abu biyu. A kan "jirgin nawa ne" muryar ta yi sauri, ta sauka, an haɗiyi yawu. Saboda haka sun ce wannan ƙarya ce, kuma mai faɗar yana jin kunya. Ta ce abin da ya ɗaure musu kai shi ne, kunyar ba ta yi kama da ta wasa ba.

Daɗi ya rufe ni har yatsun ƙafa.

Ba ta zauna ba. Ta ce amma a kan "ba za ta iya barin uwarta ba" muryar ba ta girgiza ko kaɗan ba. Sun ce wannan gaskiya ce. Kuma da suka koma ga rubutun, sun duba daga farko har ƙarshe, matar ta yi fushi, ta yi kuka, ta yi Allah ya isa, amma babu inda ta ce tana son tafiyar. Ko sau ɗaya. Sannan marubucin ya san duk abin da ke zuciyar matar, bai san komai na zuciyar matuƙin ba, ko dalili bai ba shi ba. Ta ce, "Malam, mun yi daidai?"



Alfari ya yi tari. Ya ce, da Ingilishinsa mai kyau, wanda ni na zaɓa don kyansa: "Kun yi daidai duka. Ba ni na rubuta ba. Ban taɓa rubuta ko ɗaya ba. Ga mai rubutun nan." Ya juya kwamfuta ta fuskance ni, ya miƙe, ya ɗauki hularsa ya fita.

Suka yi ta tafi. Ni suke wa tafi. Na ɗaga hannu kamar wata 'yar siyasa.

Abin da na so ke nan, daidai da daidai, da bakinsa, gaban shugabansu, gaban provizer. To me ya sa yarinyar nan ba ta tsaya a rabin farko ba? Wa ya aike ta?

Ni na aike ta. Ni na koya mata.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Na sake karanta labarin ina neman inda matar ta ce tana son tafiya. Lalle na manta ne.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Madam Tang ta kira. Ta ba ni haƙuri har na ji nauyi. An cire sunansa, an sa nawa. Suna son amsa kafin ƙarshen Disamba don a fara neman biza.

Duk lise ta ji. A ɗakin malamai ana ganina ake yin shiru, shi kuwa ba ya shiga ma, daga aji sai moto. Wani yaron aji na ƙarshe ya kwaikwayi tarinsa a baranda, sauran suka fashe da dariya. Na kore shi waje har ƙarshen darasi. Ni kaɗai ke da ikon wulaƙanta Alfari, ba kowane ɗan ƙwal uba ba.

Zan tafi. Ko don in nuna ƙarya ya yi, duka biyun.

Lahadi, 3 ga Disamba

Ƙanwata Balki ta zo daga Yélou tun Juma'a don mu gwada. Na ce ita za ta yi komai, ni ido kawai.

Balki ba ta da laifi. Ta dama kunu, Inna ta rufe baki. Ta zo juya ta, ta kama ta wajen kafaɗar da ke ciwo, Inna ba ta yi ƙara ba, hawaye kawai. Balki ta fito tsakar gida ta ce, "Yaya, mako biyu zan iya, uku ma. Amma ga shinkafa ba a gama sussuka ba, ga yara, ga maigida."

Na faɗa wa Inna zancen tafiyar yau. Ta ce, "Ki tahi, ɗiyata. Ni mi ya rage mini?" Sannan ta kama bakin zanena da hannun nan mai lafiya, tana ta cewa in tafi, ba ta saki ba har barci ya ɗauke ta.

Na tsani Alfari. Na tsane shi don ya riga ni sani.

Juma'a, 8 ga Disamba

Na fito kasuwa da kaya, na ɗaga wa kabu-kabu hannu, sai ga rawani. Ya tsaya, ni ma na tsaya. Gudu ya zama abin kunya, na hau.

Ya kai ni ƙofar gida. Na miƙa kuɗi, ya ƙi kallo. Ya ce, "Na san ba za ki je ba. Na kuma san in na roƙe ki za ki ce in je. Roƙon ne na kasa. Matar Cha'ibu, ni ya kamata in riƙe ki, kullum ke ke ba ni."

Na ce, "Sai ka sace."

Ya ce, "Sai na sace."

Na shirya maganganu tun Oktoba, masu zafi, na jera su kamar tambayoyin darasi. Ko ɗaya ba ta fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Da ka roƙa, Yaya!" da ƙarfi, har Tani ta leƙo ta katanga. Na tura kuɗin cikin aljihunsa na shige.

Ban yafe ba. In rubuta shi ƙarara: ban yafe ba.

Talata, 12 ga Disamba

Babu muryar namiji. Na gwada Malam Labo na tarihi, yana karatu kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo. Ɗalibai sun aiko wai ba abin da za su tsinta a muryar, ba numfashi, ba komai. Huwan ta tambaya ko Malam Alfari lafiya. Yarinyar nan ta fara isata.

Laraba, 20 ga Disamba

Na faɗa wa Madam Tang ba zan zo ba. Na yi ta zagaye-zagaye, sha'anin biza, halin da ƙasa ke ciki, iyakoki a rufe. Ta bar ni na gama, ta ce, "Mahaifiyarki." Na ce e. Ita ma ta iya saurare.

Sunana zai hau kan darussan duka, na baya da na gaba. Wannan kam na tsaya a kai.

Sai ta ce gayyatar za ta faɗi in ba a sa kowa ba. Shugaban sashe ba ya son jin sunan Alfari, amma in ni da aka yi wa laifin na ce wani abu, zai saurara. Ta ce in yi tunani.

Ga shi a tafin hannuna. Shiru kawai zan yi, ya ƙare a kan moto. Wata biyu ina mafarkin wannan.

Asabar, 23 ga Disamba

Na aika wa Madam Tang saƙo. Na ce mutumin ya yi ƙarya, kuma ya amsa da bakinsa gaban kowa ba tare da an matsa masa ba. Na ce a duk Gaya babu muryar da ta fi tasa koyar da kunne. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Gaskiya ce kawai, ba ceto ba. In sun ɗauke shi, su suka sani. An ce sanyin can yana tsaga leɓe, ya je ya sha.

Na rubuta kashi na biyu na labarin jirgi, don ɗalibai sun dame ni wai matuƙin ba shi da dalili. Na rubuta maganar matar. Wurin matuƙin na bar shi fari, na aika wa Alfari da takardar na ce ya cika da hannunsa, ai ya daɗe yana son a ce shi marubuci ne.

Ya ce zai zo bayan la'asar mu ɗauka. Inna ta sa na canza mata ɗankwali.

Shayin da na ɗora ya yi wa mutum biyu yawa. Hannuna ne ya zarce.